SUNAN DA BA A FAƊA

Shafi na 23

Masu yi min ruwan saƙo tun jiya, wai na bar Akilai tsaye a bakin taga na yi tafiyata, ku yi haƙuri, ni ma hannu biyu gare ni. Ku gyara zama, yau akwai magana.

*

Kwana uku suka rage.

Ran Litinin mota za ta zo gidan marayun da ake rufewa, ta kwashi yaran da ba a samo musu dangi ba, ta kai su babban gida can kudu, tafiyar yini guda. Cikin shekara ɗaya Sairagul da abokan aikinta na cibiyar tallafa wa iyali sun mayar da yara talatin da ɗaya hannun nasu, wannan gun kaka, wancan gun gwaggo. Saura huɗu. A cikin huɗun nan kuwa Akilai ce ta hana Sairagul sakat.

Takardun yarinyar ta haddace su kamar karatun allo. Uwa, Nurzat, ta kawo ta tana shekara biyar, ta ce wata shida za ta yi a Mosko ta dawo, yau shekara uku ke nan, lambarta ma ta daina shiga. Uba, Ermek, ya rasu tun ba a haife ta ba. Kaka na wajen uba, wani wai shi Maaramaev, a yankin Kochkor na ƙasar Kirgiz. Wata takwas Sairagul tana neman Maaramaev. Ba ofishin da ba ta leƙa ba, ba dagacin da ba ta dama ba, kowa ya ce ko a kan kabari bai taɓa ganin wannan suna ba.

Da safiyar Juma'ar nan ta shigo da takardar sauya wa yarinyar gida a jaka, zuciyarta kamar an ɗora mata dutse. Ta tarar da Akilai a kicin ta manna hanci a gilashin taga. Kalicha-apa, wato mama Kalicha, tsohuwar mai dafa abincin gidan marayun, tana zaune tana feraye dankali. Garken tumaki ne ya cika titi, makiyaya a kan dawakai suna kora su zuwa makiyayar bazara.

"Eje, zo ki gani," in ji Akilai, don haka take kiran Sairagul, wato yaya. "Maarama sun fi dubu!"

Sai ta yi saurin rufe bakinta da hannu. Da gidan cike yake da yara ba za ta faɗa ba, tun zuwanta suka yi mata dariyar kalmar har ta daina. Yau da ɗakuna suka zama kufai sai ta suɓuce mata.

Kalicha-apa ta aje wuƙa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke kuma surukar gidan wa ce, da ba kya iya ce wa tunkiya koi kamar kowa? Yaushe aka ɗaura auren ba a gayyace ni ba?"

Akilai ta sunkuyar da kai. "Apa, mamata, ta ce a gidanmu ba a faɗin wancan sunan."

Sairagul ta ji wani abu ya tsarga mata tun daga ƙeya. Ta zaro takardun, ta ɗora yatsa a kan layin da ta fi tsana a duniya, ta karanta a fili. Maarama. Maaramaev.

Tsohuwa ta sa ta maimaita, sannan ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Oh ni Kalicha. Wata takwas kina yawo da sunan tunkiya a jaka, ba ki taɓa tambayata ba? Ku 'yan Bishkek karatu ya cika muku kai, wurin sanin gida ya ƙare."

Ta shiga yi mata dalla-dalla kamar mai koya wa yaro cin abinci. Matar ɗa ba ta kama sunan surukinta, ko wuƙa aka sa mata a wuya. In akwai koi a cikin sunansa, to ita da kalmar koi har abada, sai ta ce maarama, wato mai kukan mee. Yaran yanzu sun iya kiran miji gatsal, amma uban miji ko su ba sa taɓawa. Ranar da Nurzat ta kawo 'yarta, ma'aikaciyar da ke cike takarda ta tambaye ta sunan suruki, baiwar Allah ta sakaya yadda ta saba, ita kuwa waccan ta maƙala masa wutsiyar ev ta mai da shi sunan dangi.

Sairagul ta san al'adar, amma a littafi ta san ta. Kunya da murna suka haɗe mata lokaci guda, ta rungume tsohuwa har dankali ya watse a ƙasa.

"Sake ni, za ki karya ni," in ji Kalicha-apa. "Nemi Koichu, ko Koichubai, ko Koilubai. Tsoho mai tunkiya a kan sunansa."

Nan a tsaye ta fara buga waya. Dagacin farko ya ce nasu Koichun ya rasu ba ɗa ba jika. Na biyu bai ɗauka ba. Na uku, na wani ƙauye a bayan Kochkor, ya ce akwai Koichubai, tsohon makiyayi, ɗansa Ermek ya rasu a hatsarin mota a kan hanyar dutse, shekara tara ke nan. Kafin ya kashe ya ja mata kunne. Ermek yana hanyar kai matarsa birni neman aiki ne abin ya faru, ita ta fita da rai. Tun daga ranar tsoho ya rantse ba mai ƙara ambaton sunanta a gidansa, ita ma ana gama arba'in ta tafi.

Da gudu Sairagul ta isa ofis. Shugabarta, Uulkan-eje, ta saurare ta har ƙarshe, murna a fuskarta amma bakinta bai saki ba. Ta tuna mata ƙa'idar cibiyar: ba a kai yaro ƙofar mutanen da ba su san da shi ba a zuwan farko. Sai ma'aikaci ya je shi kaɗai, ya ji ta bakin dangi, ya shirya su, ya shirya yaron. Sairagul ta ce ta sani, amma in ba a samu hannun wani na jini a takarda yau ba, gobe da jibi ofisoshi a rufe suke, Litinin kuwa mota ba ta jiran kowa.

Uulkan-eje ta daɗe tana murza goshi.

"Ki je da ita, amma a mota za ta zauna da Kalicha-apa har sai sun ce suna son ganinta. Kuma ki fara tambayar ita yarinyar. In ta ce ba ta zuwa, magana ta ƙare."

Sairagul ta koma ta durƙusa gaban Akilai ta faɗa mata gaskiya tsirararta. Ana jin an samo kakanta, amma bai san an haife ta ba, mai yiwuwa ya yi murna, mai yiwuwa ya ƙi. Yarinyar ta murza bakin rigarta.

"Yana da maarama?"

"An ce da yawa."

"To mu je."

Wajen sha biyu da rabi suka tsaya a ƙofar gidan Koichubai. Sairagul ta bar su a mota ta shiga ita kaɗai. Koichubai-ata, wato baba Koichubai, dogo ne, busasshe, ya riga ya ɗora doguwar farar hularsa zai tafi masallaci. Baƙo ba a barinsa a tsaye, don haka ya koma ya zauna. Matarsa Anarkan-apa ta shimfiɗa ledar abinci, ta kawo burodi da man shanu, ta zuba shayi rabin kofi ta miƙa da hannu biyu.

Sairagul ta gabatar da kanta, ta ce ba wani abu ta zo karɓa ba, ba kuma umarni ta zo bayarwa ba. Akwai wata yarinya 'yar shekara takwas a hannunsu, suna da dalilin zaton ta Ermek ce. Da gangan ba ta kama sunan yarinyar ba, na uwar kuwa ko kusa.

Butar shayi ta karkace a hannun Anarkan-apa, ruwa ya zuba a leda. Ta shiga gogewa da sauri, idonta na kan agogon bango.

"Ermek bai bar ɗa ba," in ji tsohon.

"Ata, matarsa na da ƙaramin ciki lokacin da ta bar nan."

"Waccan matar ta bar gidan nan da ƙafarta. Abin da ta haifa a titi ba nawa ba ne."

Anarkan-apa ta sa baki a hankali, ta ce lokacin sallah na wucewa, ya je ya dawo, ita za ta zauna da baƙuwa. Ko kallonta bai yi ba.

Ya dubi Sairagul. "Kin ɗanɗana burodinmu, kin fita haƙƙin gida. Allah ya kiyaye hanya."

Korar ke nan, cikin mutunci. Amma Sairagul ba ta tashi ba. Shekara shida a wannan aiki sun koya mata cewa fushin dangi yawanci ciwo ne da bai warke ba. Ta ce masa ta ji labarin ɗansa, kuma ba ta zo sasanta shi da kowa ba. Ta ce gwamnati na iya ba yaro gado da miya da takalmin sanyi, amma ba ta iya faɗa masa ɗan wane ne shi. Ran Litinin za a kai yarinyar inda ko yaren ƙauyensu ba za ta ƙara ji ba, kuma in ya ce a'a ba mai tilasta shi, ita dai ba za ta yarda a yanke hukunci a kan jininsa ba tare da ya sani ba.

Tsohon ya aje kofinsa.

"Ina take?"

"Tana mota."

"In 'yar gidan nan ce, ta zo ta ƙirga ubanninta bakwai. Ɗan Kirgiz da bai san bakwai ɗinsa ba, ba ɗan kowa ba ne."

Ran Sairagul ya ɓaci. Yarinyar da ta tashi a gidan marayu, ina za ta san kakanni bakwai? Ta ce ba za ta tsayar da yarinya a gaban manya a yi mata jarrabawa ba, amma za ta je ta tambaye ta. Ta fita tana jin ta gama faɗuwa.

Da ta faɗa wa Akilai, sai yarinyar ta buɗe ido.

"Ai na iya. Apa kullum sai ta sa na faɗa kafin na ci abinci."

Ba ta jira kowa ba ta dire daga mota. Kalicha-apa ta biyo su tana gyara ɗankwali tana salati ƙasa-ƙasa.

Akilai ta cire takalmi, ta yi gaisuwa, ta tsaya a bakin ƙofa hannu a gefe kamar a aji. Tsohon ya ƙura mata ido. Sairagul ta ga gemunsa ya ɗan motsa, don ko makaho ya shafa goshin nan da girar nan ya san daga inda suka fito.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar Ermek."

"Ermek ɗan wa?"

"Ermek ɗan Maarama."

Kalicha-apa ta toshe baki da gefen ɗankwali. Tsohon ya ɗaure fuska, wai shi ne mai kukan mee, a gidansa, a gaban baƙi. Amma yarinya ta riga ta kama hanya, muryarta na tashi kamar mai waƙa.

"Maarama ɗan Mai-Kukan-Dawa. Mai-Kukan-Dawa ɗan Mai-Tauri. Mai-Tauri ɗan Mai-Nauyi. Mai-Nauyi ɗan…"

Ta tsaya.

Ta sake ɗaukowa daga farko, ta zo wurin ta sake cijewa. Shekara uku ba wanda ya tambaye ta. Idonta ya cika da ƙwalla, ta juya tana neman Sairagul.

"Ɗan Baƙon-Asuba," in ji wata murya daga bayan butar shayi.

Anarkan-apa ce. Hawaye na bin kumatunta, ta miƙe a kan gwiwoyinta.

"Baƙon-Asuba ɗan Mai-Farin-Doki," Akilai ta ƙarasa da ƙarfi. "Bakwai!"

"Ni na koya wa uwarta," in ji tsohuwar, tana kallon mijinta ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ni ma uwarka ce ta koya min, a ɗakin nan, washegarin da aka kawo ni. Yau kaɗai zan kama sunansu: babanka Borubai, ba mu cewa kyarkeci, shi ne Mai-Kukan-Dawa. Kakanka Temir, ba mu cewa ƙarfe, shi ne Mai-Tauri. Baƙon-Asuba kuwa ba wata mace a duk faɗin kwarin nan da ke faɗinsa sai matan gidanka. Kai ka san su da sunansu, mu da haka muka riƙe muku su."

Ta buɗe hannuwa. "Zo nan, Akilai. Zo, 'yar ɗana."

Yarinya ta faɗa jikinta. Tsohuwa ta shiga shinshinar kanta da wuyanta tana kuka, Kalicha-apa ma ta kama nata. Sairagul ta ji kamar ta yi tsalle ta taɓa rufi. Sai dai a tsakiyar murnar wani abu ya ɗan soke ta, ta dubi Anarkan-apa, ta bar abin a ranta.

Koichubai-ata ya cire hularsa ya aje a gwiwa. Ya yafito yarinyar, ta zo a ɗarare ta tsaya gabansa.

"Waccan da ta koya miki, suruka ce, dole ta sakaya. Ke ba suruka ba ce. Ke jinina ce. Faɗi sunana."

"Ban san shi ba, ata."

Wannan kalma ita ta karya shi. Ya runtse ido, muryarsa ta dushe.

"Koichubai."

"Koichubai," in ji Akilai a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe ana hana ta. Sai ta ɗaga kai. "To yanzu ina iya cewa koi?"

"Ki ce har ki gaji. Ɗari biyu ne a bayan gida, duk sai kin gaishe su."

Dariya da kuka suka cakuɗe a ɗakin. Tsohon da ya kori baƙuwa ɗazu, yanzu cewa yake yarinya ba ta ƙara kwana a wani wuri, a je a yanka rago. Sairagul ta lallaɓa shi ta ce ba haka ake yi ba. Yau hannunsa kawai take bukata a takarda, cewa dangi sun bayyana kuma suna son riƙe ta, wannan ya isa ya tsayar da motar Litinin. Jibi Lahadi ya tara 'ya'yansa maza da mata, ita za ta faɗi abin da yarinya ke bukata, makaranta da asibiti da wanda zai tsaya mata in tsufa ya yi nauyi, sannan ta fita waje ta ba su wuri su tsara da kansu. Bayan nan za ta riƙa zuwa duk wata har shekara.

Ya ce ta zo kullum ma in ta ga dama. Ya karɓi biro, ya sa tabarau, ya jawo takardar kusa da taga. Mutum ne da ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba, ya bi layi-layi da yatsa yana motsa leɓe.

Anarkan-apa ta sake duban agogo. Ɗaya saura minti biyu.

"Sa hannu ka tafi masallaci mana," ta ce. "Ko raka'a ɗaya ka samu."

Yatsansa ya tsaya a kan sunan yarinyar.

"Akilai," ya karanta. Ya ɗago a hankali ya dubi Sairagul. "Ke kin faɗi sunan nan tun da kika shigo?"

Ƙarya ba ta cikin aikin Sairagul.

"Ban faɗa ba, ata."

"Yarinyar ma ba ta faɗa ba." Ya juya wajen matarsa, biron na rataye a saman takarda bai taɓa ta ba. "Anarkan. Ɗazu kin kira ta da sunanta. A ina kika samo shi?"

Tsohuwa ta ƙara matse yarinyar a ƙirjinta.

"Uwarta ce ta faɗa min."

"Wace uwar?"

"Nurzat." Shekara tara rabon da bangon gidan nan ya ji wannan suna. "Ce min take yarinyar na tare da ita a can, wallahi ban san tana gidan marayu ba. Tana kirana duk Juma'a, ƙarfe ɗaya, in ka tafi masallaci."

Akilai ta ɗago kai. "Apa?"

Daga cikin akwatin da aka jibga barguna a kansa, waya ta fara ƙara.